Allurar Basir: Warkewa Ce Ko Lafawa?

(Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata a Gauraka)



Shugaban taro, Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu limamai, dattawa iyayenmu, iyaye mata da ke zaune can ɓangarenku, matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba kwamitin lafiya wannan lokaci.

Tun da farko muna neman gafarar manya, domin maganar yau ta shafi wurin da ba a ambatonsa a gaban surukai. To amma kunyar nan ita ce ta daɗe tana cinye mana kuɗi da jini, har da rayuka, saboda haka yau a yi mana haƙuri mu kira abu da sunansa. Maganarmu a kan basir ce, musamman allurar da ake yi wa basir na ciki.

Abin da ya jawo wannan jawabi shi ne 'yan'uwanmu biyu da suka kawo wa kwamiti kuka, ba kuwa za mu faɗi sunansu ba. Na farko direba ne. Ya je asibiti yana zubar da jini, likita ya duba shi, ya yi masa allura, jini ya tsaya cak. Bayan shekara guda da 'yan watanni jinin ya dawo, sai ya zo yana cewa an cuce shi. Na biyu ɗan kasuwa ne. Shi wani mai magani ya samu, irin masu yada zango a tasha kwana biyu su wuce, ya yi masa allura a ɗakin haya, ya karɓi kuɗin da ya kai na rago. Kwana uku bayan haka aka kwashe shi zuwa asibiti da zazzaɓi da gyambo, mai maganin kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba. Dukkansu tambayarsu ɗaya: shin allurar nan gaskiya ce ko damfara? Amsarmu a taƙaice ita ce, allurar gaskiya ce idan likita ya yi ta ga wanda ta dace da shi, amma ga yawancin mutane lafawa take kawowa ta wani lokaci. Ɗorewar lafiya tana wani wuri daban, za kuma mu zo kansa.

Mene ne basir?

Mu nan, kusan kowane ciwo muna ɗora wa basir. Ciwon baya basir, kasala basir, kugin ciki basir, raunin mazakuta basir. Masu lasifika a tasha sun taimaka ƙwarai wajen faɗaɗa masa gona, domin gwargwadon yawan laifinsa gwargwadon cinikinsu. A wajen likitoci kuwa basir abu ne ƙayyadadde.

Allah Ya halicci kowane ɗan Adam da wasu 'yan matasai na tsoka da jijiyoyin jini a cikin dubura, yawanci guda 3, ɗaya a hagu biyu a dama. Aikinsu shi ne su taimaka wajen rufe ƙofa, kada iska ko ruwa ya kuɓuce wa mutum. Wani likitan Ingila mai suna Thomson ya yi bayaninsu filla-filla a 1975. Idan mutum ya daɗe yana yunƙuri saboda taurin bayan gida, ko ya saba daɗewa a tsugune, ko mace tana da juna biyu, ko girma ya zo, sai igiyoyin da ke riƙe da matasan nan su saki, su kumbura, su zamo ƙasa. Wannan shi ne basir.

Akwai wata iyaka a cikin dubura, 'yar tazara kaɗan daga baki. Abin da ke sama da ita ba ya jin zafin tsini ko yanka, abin da ke ƙasa da ita kuwa fata ce mai ji ƙwarai. Basir na ciki yana sama da iyakar nan, shi ya sa alamarsa jini ce ja wur bayan an yi bayan gida, sau da yawa ba tare da zafi ba. Likitoci sun kasa shi mataki 4. Mataki na 1, jini kawai, ba ya leƙowa. Mataki na 2, yana leƙowa in an yi yunƙuri, ya koma da kansa. Mataki na 3, sai an sa hannu an mayar da shi. Mataki na 4, ya fito ya zauna, ba ya komawa. Jama'a, a riƙe wannan lissafi, domin allura ta masu mataki na 1 ce da farkon na 2. Wanda tsironsa ya zauna a waje, ko wanda nasa na waje ne tun asali, allura ba tasa ba ce.

Yadda ake yin allurar

Likita zai kwantar da mutum a gefen hagu, ya fara dubawa da yatsa, sannan ya sa wani ɗan bututu mai haske don ya ga basir ɗin da idonsa. Sai ya soka allura a gindinsa, sama da iyakar da muka ambata, a ƙarƙashin fatar ciki. Maganin da aka fi daɗewa ana amfani da shi shi ne fenol, kashi 5 cikin 100, a cikin man almon. Ana zuba mililita 3 zuwa 5 a kowane wuri, wato abin da bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, a wurare har 3. Maganin yana sa wurin ya yi tabo daga ciki, jijiyoyin jinin su tsuke, matashin ya manne da bangon hanji. Cikin 'yan mintoci an gama, ba a sa mutum barci, ba a kwantar da shi, yana iya komawa gida da ƙafarsa. In an yi ta daidai, abin da ake ji bai wuce ɗan nauyi a wurin ba na kwana ɗaya ko biyu. In mutum ya ji zafi mai tsanani lokacin da ake zuba maganin, to allurar ta sauka ba a muhallinta ba, dole a tsaya.

Tarihinta ya isa darasi

Kada mu ɗauka sabuwar fasaha ce. A 1869 wani likita mai suna John Morgan ya fara gwada yi wa basir allura. A 1871 wani mai suna Mitchell a jihar Ilinoi ta Amurka ya haɗa fenol mai ƙarfi da man zaitun, ya ɓoye sirrin haɗin, ya riƙa sayar da shi ga mutanen da ba likitoci ba. Su kuma suka bazu gari gari suna yi wa jama'a allura suna karɓar kuɗi suna wucewa. A 1879 wani likitan Shikago, Edmund Andrews, ya tattara labarin mutum sama da 3,000 da aka yi wa wannan aiki, ya nuna irin gyambo da zubar jini da mace-macen da aka samu. Sai da likitoci suka rage ƙarfin maganin, suka mayar da allurar sama da basir ɗin inda ba a jin zafi, kamar yadda Blanchard ya bayyana a 1928, sannan ta zama aikin asibiti.

Kun ga ke nan abin da ya sami ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya sami Amurkawa shekara 150 da suka wuce. Mai magani ɗan yawo, haɗi na sirri, kuɗi a hannu, gobe babu shi.

Shin tana ɗorewa?

Wannan ita ce babbar tambaya, kuma likitoci sun bi sawunta. Za mu kawo muku bincike 3 da aka buga a mujallun likitanci.

Na farko, a 1988, likitoci biyu a Landan, Senapati da Nicholls, sun raba masu basir mai jini gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu allura aka kuma ba su maganin laushin bayan gida, ɗaya kashin aka ba su maganin laushin kaɗai. Bayan wata 6 aka duba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu wajen zubar jini. Wato laushin bayan gida shi kaɗai ya yi kusan duk aikin.

Na biyu, a 1993, wasu likitocin Landan sun buga sakamakon mutum 189 da aka yi wa allurar fenol zama ɗaya, aka sake bibiyarsu bayan shekara 4. Kashi 28 cikin 100 ne kawai suka ce sun warke. Wasu sun sami sauƙi, amma kusan rabi suna nan yadda suke ko abin ya ƙaru, wasu kuma sai da aka yi musu tiyata.

Na uku, a 1995, likitoci biyu a Kanada, MacRae da McLeod, sun haɗa gwaje-gwaje 18 wuri guda suka auna hanyoyin magance basir. Suka ga ɗaurin roba ya fi allura aiki, kuma waɗanda aka yi wa allura sun fi bukatar a sake yi musu wani magani daga baya, sai dai ɗaurin roba ya fi ta zafi. Shi ɗaurin roba, wanda Barron ya yaɗa a 1963, wata 'yar ƙaramar roba ce ake shaƙe gindin basir ɗin da ita, ya bushe ya faɗi cikin mako guda ko makamancin haka. Tiyata kuwa, irin wadda Milligan da Morgan suka tsara a asibitin St Mark's na Landan a 1937, ita ta fi duka ɗorewa, ita ce kuma ta fi duka zafi da jinya, shi ya sa ake ajiye ta don masu mataki na 3 da na 4 da waɗanda sauran hanyoyi suka gagara.

To ɗan'uwanmu direba, likita bai cuce ka ba. Abin da allurar ta saba yi shi ta yi maka. Abin da ya rage shi ne a gaya wa mutum gaskiya tun ranar farko, cewa jinin yana iya dawowa, ana iya maimaita allurar, ana kuma iya komawa ga ɗaurin roba.

A nan gida Nijeriya ma an taɓa abin. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife sun gwada ruwan sukari mai kauri na asibiti, kashi 50 cikin 100, a madadin fenol, domin ya fi araha da sauƙin samu. Sun buga rahoton farko a 2009, a 2016 kuma suka buga gwajin da ya kwatanta shi da fenol, inda duka biyun suka tsayar da jini ga mafi yawan majinyata. Sai dai bibiyar ta watanni ce, ba ta shekaru ba. Don Allah kada wani ya ji an ce sukari ya je ya dama na shayi. Wannan ruwa ne tsarkakakke da kamfanin magani ya haɗa, likita ne kuma yake sanin inda zai zuba shi.

Akwai kuma sababbin magunguna. A Japan, tun 2005 ake amfani da wani haɗi na alif da sinadarin tanin, wanda asalinsa daga ƙasar Sin ne, suna yi har ga masu mataki na 3. Tanin ɗin nan irinsa ne ke cikin bagaruwa da majema ke aiki da ita, amma wannan bai mai da ruwan bagaruwa allura ba. A Jamus da Fotugal kuma an gwada wani magani mai kumfa, folidokanol, wanda a gwajin Fotugal na 2022 ya fi ɗaurin roba kyakkyawan sakamako a cikin shekara guda. Labari ne mai daɗi, amma shekara guda ba ta isa a ce an rabu da ciwo har abada ba. Ko wane iri ne, ba ya gyara dalilin da ya haifar da basir ɗin.

Hatsarin allura a hannun da bai iya ba

A hannun likita matsala ba ta da yawa. A hannun wanda bai san wurin ba kuwa, abubuwa ne marasa daɗin ji. In allura ta yi sama sama, fatar ciki ta mutu ta zama gyambo. In ta yi zurfi ta gaba a jikin namiji, tana iya shiga wata ƙullutuwa da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda ake kira furostet, sai fitsari ya ƙi fita, ko a ga jini a fitsari ko a maniyyi, har an taɓa samun waɗanda mazakutarsu ta raunana. Akwai ruɓewar tsoka mai yaɗuwa, wadda ke kisa in ba a yi gaggawa ba. Akwai tsukewar dubura saboda tabo. Daɗin daɗawa, allurar da aka soka wa wani aka soka maka tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau.

Saboda haka duk wanda aka yi wa allura ko ɗaurin roba, ya ji zazzaɓi, ko zafi yana ƙaruwa, ko fitsari ya tsaya, ko jini ya ɓalle, ya tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Ba kowane jini ne basir ba

Iyayenmu, a nan muke roƙon ku buɗe kunne sosai. Ciwon daji na babban hanji da na dubura yana farawa da jini a bayan gida, daidai da basir. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna kukan cewa masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti sai ya ci ƙarfinsu, kuma da yawa sun shafe watanni suna shan maganin basir. Ga alamun da bai kamata a yi wasa da su ba: jini ya cakuɗe da bayan gida ko ya yi baƙi, yanayin bayan gida ya sauya na makonni, mutum ya riƙa jin bai gama ba alhali ya gama, rama ba dalili, ƙarancin jini, ko a ce wani a dangi ya taɓa yin dajin hanji. Haka nan wanda ya haura shekara 40 jini ya fara zo masa. Irin waɗannan sai an leƙa hanjinsu da na'ura kafin a yi maganar allura. Mutum yana iya samun basir da daji a lokaci ɗaya, allura ta tsayar da jinin basir, a saki jiki, dajin yana can yana girma.

Alhamdu lillahi ba mu yi nisa da asibitoci ba. Ga Babban Asibitin Suleja nan kusa da mu, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga Asibitin Ƙasa a Abuja, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. A fara da na kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba. Iyaye mata, kuna da damar ku nemi mace ta duba ku, ko mace ta tsaya a ɗakin. Maza kuma a bar su su je, a ba su kuɗin mota, domin bayan haihuwa da yawansu suna fama suna shiru.

Inda ɗorewar take

Mun ce ɗorewar lafiya tana wani wuri daban. Tana cikin kwanonmu da butarmu. A 2005 masana sun haɗa gwaje-gwaje 7 da aka yi a kan masu basir, suka ga ƙara harza a abinci, wato irin abin nan na ganye da dusa da hanji ba ya narkarwa, yana rage zubar jini da kusan rabi. Babban mutum yana bukatar giram 25 zuwa 30 a yini.

Mu duba yadda zama a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya sauya mana ci. A garuruwanmu na asali tuwon dawa ne da na gero, da miyar kuka da kuɓewa, da kwaɗon zogale da rama, da ɗanwake da fura. Nan kuwa da safe burodi da shayi, da rana farar shinkafa da mai, da dare taliyar leda da tsire. Direba yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi, yana matse bayan gida daga nan har Kaduna. Mai shago yana zaune tun safe har isha. Ana cewa zaƙi ne ke kawo basir. Gaskiyar ita ce cikin da aka cika da lemon kwalba da fulawa bai bar wa ganye da wake wuri ba, sai bayan gida ya yi tauri, sai yunƙuri.

Shawararmu ke nan. A dawo da wake da ganye kullum. A rage surfe hatsi har ya yi fari fat. A ci gwanda da gwaiba da mangwaro da kankana da lemon zaƙi da ɓargonsa, ga su nan a kasuwar Suleja da ta Madalla. A sha ruwa sosai, musamman da bazara, da kuma tsakanin buɗa baki da sahur. In bayan gida ya zo a tafi, kada a matse. In an shiga kada a daɗe, a bar waya a waje. Matasa ku sani, tiramadol da kodin suna ɗaure ciki tamau, ban da sauran ɓarnarsu. Mai juna biyu da ƙwayar ƙarin jini ta ɗaure wa ciki kada ta daina sha, ta gaya wa ma'aikatan awo su ba ta shawara.

Kafin ka yarda a soka maka allura

Ka yi tambaya 5. Shin an duba ni an ga basir ɗin, an kuma tabbatar ba wani abu ba ne? Mataki na nawa ne nawa? Mene ne sunan maganin da za a zuba mini? Wanda zai yi likita ne mai rajista, a asibitin da zan same shi gobe? In jinin ya dawo, me za a yi? Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, ko ya ce allura ɗaya ka rabu da basir har abada, ko ya ce ba sai ya duba ba, ka ɗauki takalminka.

A ƙarshe kwamiti yana roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. Na ɗaya, a riƙa taimaka wa marasa ƙarfi daga asusun ƙungiya da kuɗin mota da na kati, don a duba su tun abin yana mataki na 1. Na biyu, masu gidajen haya da shugabannin tasha su daina ba masu allurar yawo masauki, in an ga irinsu a sanar da Sarkin Hausawa da hukumar lafiya. Baƙunci ya kawo mu garin nan neman halal, lafiyarmu ita ce jarinmu, in kuma wani ya kwanta mu ne danginsa.

Wanda yake da tambayar da ba zai iya yi a bainar jama'a ba, ya same mu bayan an tashi, sirrinsa yana nan a rufe. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ku yafe mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.